Hannun Kakana da Jirgin da ke Sauka a Ruwa

Duk lokacin da na ji warin jiƙaƙƙiyar igiya a bakin teku a Abhur, nan ƙasa mai tsarki, kakana nake tunawa, kuma sai raina ya ɓaci.

Ba shi da hannun dama. Idan zafin bazara ya koro mu soron gidanmu na unguwar Hindawiyya, yakan ɗora dungun a gwiwa ya ba mu labari. A yaƙin Hitila, yana saurayi a Sudan, aikinsa tarar jiragen saman sojan Turawa masu sauka a kan kogi. Cikinsu irin na kwalekwale, fikafikai a sama, suna kawo sojoji su kwashi masu rauni. Shi ke shiga ƙaramin jirgi ya cafke igiyarsu ya ɗaure. Wata rana igiyar ta naɗe masa wuyan hannu, jirgin ya fizga, ya tafi da hannun.

Maƙwabcinmu, wani mai sayar da yadi a kasuwar Bab Makka, shi ya ɓata komai. A gaban jama'a, bayan sallar Juma'a, ya yi dariya ya ce, "Jirgin sama a ruwa? Halas, ya isa haka, Baba. Mun dai san abin da ke cin hannun dama."

Ɓarawo ke nan yake nufi, wanda aka yanke wa hannu. Alhazan da ke ba kakana ajiyar kaya suka janye. Yara suka riƙa ɓoye takalmansu in ya doso masallaci. Bai ƙara ba mu labarin ba har ya rasu, ni kuwa ban manta ba.

Na girma na zama direba. Wata tafiya can arewa, wajen Tabuka, na ga gawar irin jirgin da kakana ke faɗa a kan yashin gaɓar teku: cikin kwalekwale, fikafikai a sama. Na yi kuka, sannan na ɗauki hoto.

Da na dawo, na tarar da mai yadin a kwance, ciwon ajali, an tara maƙwabta yana neman gafara. Na ɗora masa hoton a ƙirji.

"Faɗa musu mene ne wannan."

Ya daɗe yana kallo. "Gaskiyar Baba ce," ya ce. "Ɗana, ka yafe mini."

"Ba ni ka kira ɓarawo ba. Wanda zai yafe yana maƙabarta."

Yau jikokina kan nemo irin jirgin a waya kafin in rufe baki, ba mai ƙaryata kowa. Matata takan ce na cika riƙo. Na yarda. Hoton yana nan a bangon falona, kuma har yau ban yafe ba.