Motar Kawu Mai Jin Sanyi

A shekarun da fetur ya koma kamar turare, sai a kwalba, kawuna ya dawo ƙauye daga aikin direba a Kano. Maigidansa ya rasu, magada suka sallame shi da tsohuwar jar mota mai ƙofa biyu, gajeriya har kaza sai ta duƙa kafin ta shige ƙarƙashinta. Ba ta ɗaukar buhu, ba ta ɗaukar akuya.

Da hatsi ya ƙare mana a tsakiyar damina, sayar da ita ya zama dole. 'Yan gwangwan suka zo da gudumarsu suna lashe baki, Kawu ya kore su. Ya ce motar da ya yi wa wanka tun yana saurayi ba za a feɗe ta kamar saniya ba. Wani Alhaji daga birni ya yarda zai saya ya riƙa hawa, amma sai ya ga tashinta da safe da idonsa.

Nan gizo ke saƙar. Da rana lafiya lau take. Da sanyin safiya kuwa, in an murza makulli sai ta yi tari, ta yi rawar ɗari, Kawu na ɗage ƙafa daga totur ta mutu. Inna ta ce mura ce, ta lulluɓe ta da bargo. Ni na kawo dabarar kaskon garwashi a ƙarƙashin inji, kamar ana gasa mai jego. Wallahi ta tashi tsaf!

"Shi ke nan, Kawu, mu gasa ta kafin Alhaji ya iso."

"Ja'iri, in ya kai ta gida, kai za ka riƙa bin sa da kaskon?"

Ya tsuguna yana nazari. Ya ce irin wannan mai injekta ce, na'urar da ke fesa wa inji fetur, komai a aune take sha; in da sanyi kawai take mutuwa, wataƙila iska ke sato hanya tana tsinka mata mai. Washegari ya riƙe totur, ni na cusa kai cikin inji. Na ji huci, na yi tsalle har na kusa dira a garin Bici, na rantse kububuwa ce. Ashe tiyon iska ne, ɓeraye sun yi masa ƙofa da taga. Mu muka gayyato su: a cikin motar muka ɓoye irin gyaɗa, don ta fi ɗakin Inna kulluwa.

Muka naɗe hujin da robar tayar keke. Da Alhaji ya zo, abin da Kawu ya fara nuna masa ke nan. Aka murza makulli, ta tashi tana gurnani a hankali, ba ƙafar kowa a kan totur.

Alhaji ya biya kuɗi ya ja motarsa, Kawu ya bi ta a ƙasa har bakin gonaki, yana ɗaga murya: "Alhaji, a bar ta ta ɗumama kafin a ba ta wuta!" Da ya dawo bai kalli kowa ba, ya saɓa fartanya ya wuce gona.