Igiyar da Inna Ta Ƙulla

Maharazu mutumin Yawuri ne, ɗan Sarkawa, masu iya ruwa tun kafin su iya tafiya. Na san shi a Landan a shekarun da arzikin mai ya ɓarke a gida, gwamnati na ta kwasar samari tana turowa koyon sana'a. Ni ina koyon gwajin jini a Camberwell, shi kuma an turo shi koyon nutso, don in ya koma ya riƙa shiga ƙarƙashin teku yana gyaran bututun mai. Ɗaki ɗaya muka kama, kuma tun makon farko ya fara ba ni haushi.

Rigar ulu ce ta haɗa mu. Kullum ya dawo daga makarantarsu, wata tsohuwar tashar jiragen ruwa a bakin kogin Thames, sai ya zaro ta daga jaka sharkaf ya shanya a kan hita ɗaya tilo da muke da ita. Ɗaki ya ɗauki warin jiƙaƙƙen rago, ni kuma ina gefe ina rawar ɗari.

Masu nutso a ruwan sanyi rigar roba suke sawa, mai rufe jiki daga ƙafa har wuya, a ciki kuma su sa ta ulu don ɗumi. Bakin wuyan roba ce mai laushi da ke manne wa fata, ko ɗigo ba ya wucewa. Kowa a ajinsu a bushe yake fitowa, ban da Maharazu. An canja masa riga, an hura mata iska an tsoma a ruwa ana neman huji, ba a samu ba. Ruwan nan kuwa da hunturu ba abin wasa ba ne. Da ya jiƙe sai yatsunsa su ƙage, ya kasa riƙe sufana. Wata rana sai da aka jawo shi sama, haƙora na karo, ko magana ba ya iyawa. Malaminsu ya ce gwajin ƙarshe na tafe, in ya sake fitowa a jiƙe za a mayar da shi gida hannu rabbana.

Nakan tsokane shi: "Ɗan Sarkawa guda, ruwan Turawa ya fi ƙarfinka?" Sai ya yi murmushi ya juya rigar. Ba mai yawan magana ba ne, ga haƙuri kamar me, wanda shi ma yana ƙara min haushi.

Wata dattijuwa Baturiya mai suna Margaret, wadda ke gyaran rigunan makarantar, ita ta gano abin. Ta lura duk rigar da Maharazu ya sa, sai robar wuyan ta yi wata siririyar shaida ta wajen ƙeya. Ta sa ya buɗe wuyan rigarsa, sai ga laya da igiyar fata. Yana tura layar ciki kafin ya shiga ruwa, amma igiyar gajera ce, tana nan kwance a ƙarƙashin robar, ta bar wa ruwa hanya.

Da yamma ya zauna bakin gado ya ce, "Malam Almu, an gano matsalar. Igiyar Inna ce."

A ranar na ji labarin. Ruwa ne ya ci mahaifinsa tun yana ƙarami. Ranar da zai bar Yawuri, mahaifiyarsa ta ɗaura masa layar da hannunta, ta gajarce igiyar don kada ta zame ta kai, ta ce kada ya raba ta da wuyansa. Bai daɗe da zuwa Landan ba ta rasu. Kafin labari ya iso an riga an yi sadakar uku.

Na ce, "Ka yanke ta kawai. Allah ke tsare mutum, ba fata da zare ba."

"Na sani," in ji shi. "Ba layar ce ta dame ni ba. Ƙullin nan hannunta ne. Gara a yi cancel ɗin komai, in yi booking ɗin jirgi in koma gida kamun kifi."

Tausayinsa ya kama ni, amma ban yarda ba. Mutum ya sha wannan sanyin duka, sa'an nan ya koma da jiƙaƙƙiyar riga kawai? Na matsa masa har muka hau jirgin ƙarƙashin ƙasa muka je wajen Margaret tare. Na yi mata bayani, ta tura tabarau goshi ta daɗe tana duban ƙullin.

"Ba zan yi maka ƙarya ba," ta ce masa. "Muddin igiyar nan na wuyanka, a jiƙe za ka fito. Amma ƙullin zan iya bar maka shi yadda ta yi shi."

Ta ɗauko almakashi. Maharazu ya miƙa hannu ya karɓa, ya ce shi zai yi. Ya lalubo bayan wuyansa, nesa da ƙullin, ya yi bisimilla ya datse. Margaret ta ɗinka ɗan aljihu a cikin rigar ulun, daidai ƙirji, ta sa layar da igiyar, ta rufe bakin da zare. Muka yi mata godiya muka fito titi.

Ranar gwaji ya shigo ya jefo min rigar. "Taɓa ka ji." A bushe take ƙayau. Na yi ta murna, har da cewa yau hita ta zama tawa. Da na waiga sai na gan shi tsaye bakin taga, yatsunsa na yawo a wuyansa.

Ya samu takardarsa, ya yi shekaru yana nutso a Warri, kuma na ji ba a taɓa jawo shi sama ba. Na ziyarce shi a Yawuri bayan ya ajiye aiki, furfura ta cika masa kai. Ya ce sai mun tsallaka kogi ya nuna min kabarin Inna. Da zai taka kwalekwale, hannunsa ya tafi wuyansa ya laluba, ya sauko ya dafe ƙirji, sa'an nan ya shiga.