Tabon Nono a Ƙofar Hagu

Na yi shekaru ina hidimar mota, daga goge ta har na kai ga tuƙa ta, amma ranar da ba ta taɓa fita raina ba ita ce ta kasuwar Nahuce, da wata tsohuwa ta kwarara wa aikina nono. Ku da kuke wanke mota yanzu da bokiti guda da tsumman da kuka share takalmi da shi, ku matso ku ji.

Lokacin jirgin ƙasa bai iso Gusau ba tukuna, motocin garin kuwa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba. Wadda nake wa hidima ta wani kamfanin Turawa ce mai sayen auduga da fatu. Manajan Bature ne, muna ce masa Mai Lofe don ba ka ganin bakinsa babu lofen taba. Daga shi sai akawu, sai direba Audu Lakwaja, sai ni Garba can ƙasa, mai wanki da goge. Ni asalina baduku ne, gado na yi. Takalmin hawa Mai Lofe ya kawo mana gyara, da ya ga ƙyallin da na fitar masa sai ya ce a tambaye ni ko zan iya yi wa ƙarfe haka. Na ce a gwada ni.

Motar baƙa ce wuluk, doguwa, rufinta na tamfol. Ba ta da makulli irin naku, sai an zura mata ƙarfe ta gaba an murɗa kafin ta tashi, in ta ga dama kuma ta make maka hannu. A rumfa take kwana bayan gidan Mai Lofe, nan ne wurin aikina.

Ga yadda ake yi. Ba a taɓa ta da tsumma tana da ƙura, domin ƙura yashi ce, kana gogawa kana karce fenti. Ruwan gulbi nake ɗebowa in zuba a randa ya kwana, laka ta kwanta, da safe in ɗebi na sama. A inuwa ake wanki, daga bisa zuwa ƙasa, ƙafafu su ne ƙarshe, kuma tsummansu daban. In ta bushe sai man goge. Da farko akwai na gwangwani da ake kawowa daga Ikko, da ya ƙare aka yi ta jira bai zo ba, sai na koma wa abin da na sani. Na aika Bilbis ta ƙasar Tsafe aka sayo mini kakin zuma, na narka shi, na tace da farin ƙyalle har sau biyu, na ɗiga masa kananzir ya yi laushi. Da auduga nake shafawa, kaɗan-kaɗan, ina kewayawa. In ya yi dishi-dishi sai in bi shi da tsohon rawani mai taushi, in yi ta bi har kafaɗa ta gaji. Wanda ya labta kaki da yawa don ya gama da wuri, ƙura ya tara wa kansa.

Ba yabon kai ba, motar nan ta fi yin kyau da kakin Bilbis. Audu a ƙofarta yake gyara zaman hularsa. Ni kuwa ji nake duk Zamfara babu mai sana'a irin tawa.

Bayan girbi ne, lokacin awon auduga, Mai Lofe ya ce za mu Nahuce ta ƙasar Bunguɗu ya duba kaya. In za a fita ƙauye ni ma ana tafiya da ni, ina baya rungume da goran ruwa da tsummokarana, don ba ya son a ga motar kamfani da datti. Da hantsi muka isa. Audu ya tsayar da ita ƙarƙashin wata tsamiya a bakin kasuwa, dab da burtalin da shanu ke bi su sha ruwa. Mai Lofe ya wuce wurin sikeli.

Mutane suka yi da'ira daga nesa, babu mai matsowa. Mutum ɗaya ce ba ta gusa ba, wata tsohuwar Bafillatana mai tallan nono, Inna Daso, ƙanƙanuwa, ta rame kamar karan dawa. Tana zaune a ƙasa da ƙwaryarta, bayanta dab da ƙofar hagu. Na ce mata, "Inna, ki ɗan gusa, aiki za ni yi."

Ko kallona ba ta yi ba. Ta ce, "Inuwag ga tawa ta tun ba a haihi mai jakin ƙarhen ga ba. Yi aikinka, in yi nawa."

Haushi ya kama ni, amma wa zai ja da sa'ar kakarsa? Na raɓa ta bayanta na wanke ƙofar, na goge, na ƙara gogewa. Da gangan na fara da gefen da ke kallon kasuwa, don a gani a yi magana. Aka kuwa yi. Ina jin ana cewa, "Kai, dubi, kamar ruwan rijiya!" Na zagaya ɗaya gefen ke nan ina ɗebo ruwa, sai garken ɗanta Ja'e ya biyo burtali.

Gaban garken wani farin bajimi ne, ban taɓa ganin irinsa ba, kafin nan ko bayan nan. Tozonsa ya kai kafaɗata, ƙahonninsa sun fi buɗin hannuwana. Yana tafe a natse, ya zo daidai mota sai ya ci birki. Ya juyo. Ya sunkuyar da kai, ya yi huci, ya fara tonon ƙasa da ƙafar gaba. Tsakaninsa da ƙofa babu kowa sai Inna Daso.

Ja'e ya yi wa bajimin kira irin nasu, ya sake yi, ya buga sanda a ƙasa, bajimi ko kunne bai kaɗa ba. Na ga fuskar Ja'e ta sauya, ya ce, "Inna, kak ki motsa! Don Allah kak ki motsa!" Ko ta so ma ba ta iya zabura, gwiwoyinta sun daɗe da gajiya. Bindigar Mai Lofe tana cikin mota a kujerar baya, babu mai iya kai hannu. Tada mota kuwa sai an tsaya a gabanta an murɗa ƙarfe, Audu kuma tuni ya manne a bayan tsamiya. Wani ya ce aljanin da ke jan motar ne bajimin ya gani. Mata suka fara salati. Ni ina leƙe ta kan hancin mota, abin da ke raina kawai shi ne yau za a tsire tsohuwar nan a jikin ƙofar da na goge.

Abin da ta yi shi ne har gobe nake mamaki. Mu duka ƙaho muke kallo, ita idonsa ta kalla. Ta lura ba ita yake duba ba, bisa kanta yake duba. Sai ta juya wuyanta a hankali, a hankali, ta bi inda idonsa ya nufa. Can cikin baƙar ƙofa ga wani farin bajimi, kai a sunkuye, yana tonon ƙasa.

Na ji ta ce, ba da ƙarfi ba, kamar mai yi wa jika magana, "Af, ashe abokin hwaɗa kag gani."

Ta sa hannu biyu ta ɗaga ƙwaryar nonon, cike take, ba ta sayar da ko ludayi ba. Ba ta watsa ba, don kada ya firgita ya afko. Ta kai ta bisa kafaɗarta ta karkata, nono ya gangaro kan ƙofar, kindirmo mai kauri. Ta bi shi da tafin hannu tana shafewa daga wannan gefe zuwa wancan, kamar mai yaɓen ɗaki, ta ba ƙahon baya. Ƙofa ta koma fara fat. Bajimin ciki ya ɓace.

Na waje ya tsaya da ƙafa ɗaya a sama. Ya ɗaga kai, ya dubi dama, ya dubi hagu. Ya tako har numfashinsa na kaɗa mayafin tsohuwa, ya sansana ƙofar, ya lashi nonon. Sai ya zagayo ta bayan mota neman inda abokin faɗa ya gudu, ya iske ni tsaye da gora a hannu. A ranar nan, son a gani ya yi mini rana, domin gefen da nake ban riga na taɓa shi ba, jar ƙasar hanya ce kwance a kai, ba a ganin komai. Ya dube ni kamar bai ga mutum ba. Ja'e ya sake kira, ya juya ya bi garke sumul.

Kasuwa ta ɓarke da kabbara. Ja'e ya durƙusa gaban uwarsa yana kuka, ita kuwa faɗa take masa ya bar shanu suna watsewa. Mai Lofe ya iso, lofe ya faɗi tun a hanya bai sani ba. Ya dubi ƙofa, ya dubi tsohuwa, sai ya cire malafarsa. Ban taɓa ganin ya cire wa wani ita ba.

Inna Daso tana suɗe yatsu ta ce, "Wa yag goge ƙohwag ga?"

Na matso. "Ni na, Inna."

Ta kare ni da kallo tun daga sama har ƙasa. "Bajimin ga a hannuna anka haihe shi. Kura ba ta ruɗe shi ba, ɓarawo bai ruɗe shi ba, kai ka ruɗe shi da tsumma. Hannunka na da kyau, ɗana. Amma abu mai ƙyallin madubi, in za a shiga da shi cikin dabbobi, ruhe mai ido akai."

Ruwan gorana ya zube lokacin da bajimi ya zagayo, don haka ba a wanke ƙofar ba sai da muka koma Gusau da la'asar, rana ta gasa nonon a kai. Na wanke da ruwan randa, na shafa kaki, na goge har kafaɗata ta yi tsami. Ƙyalli ya dawo, amma tsamin nono ya ci fentin, in ka tsaya a karkace za ka ga sawun yatsu a kwance daga gefe zuwa gefe. Na je na gaya wa Mai Lofe ina jiran faɗa, na ce ko a nemo fenti. Ya zo ya duƙa ya daɗe yana kallo. Ya yi magana da Turanci, Audu ya ce da ni, "Ya ce a bar shi."

Tun daga ranar na sa aka ɗinka wa motar mayafin gwado, duk ƙauyen da muka tsaya kusa da burtali sai na rufe ta, ko da mutane za su rasa abin kallo. Na koyi cewa mai goge mota ba fenti kaɗai zai sani ba, sai ya san inda za a ajiye ta da wanda zai gan ta, mutum ne ko dabba. Kuma na daina raina wanda na iske zaune a wuri, don ya riga ni sanin wurin.

Na goge motoci da yawa bayan wannan, wasu sun fi ta tsada, wasu sun fi ta sheƙi. Amma har aka sayar da ita, kullum da safe in na zo kan ƙofar hagu sai na sassauta hannu, ina bin sawun yatsun nan a hankali don kada in goge su.