Fuskar da ke Bayan Kekena

Ban yi boko ba. Littafi ɗaya ne ya taɓa daɗewa a hannuna, shi ma a gadon asibiti, lokacin da nake jinyar saran da aka yi mini a kafaɗa. Wani malamin firamare da ke kwance kusa da ni ya miƙo mini shi, ya ce ko ban iya karatu ba in kalli zanen, zai rage mini zaman.

Labarin ɓarawo ne. An zana shi da jajayen idanu, haƙora a waje, ya naɗe kai da baƙin ƙyalle yana haura katanga. Na daɗe ina kallonsa. Na ce wa malamin wanda ya yi zanen nan ba a taɓa yi masa sata ba.

Namu ɓarawon mai tsabta ne, gemu a gyare, hula a karye. Maƙwabcinmu ne a ƙauye, gefen Kajiji, dillalin albasa. Ranar da 'yan bindiga suka shigo da la'asar, shi ya tsaya bakin rijiya ya nuna musu gidanmu da leɓe. Da idona na gan shi. Suka kora shanun nomanmu, suka harbe wana a bakin turke, ni kuma suka sare ni suka bar ni cikin jini. An kama dillalin, aka ce babu shaida sai bakina, aka sake shi. Ya koma Bodinga ya buɗe rumfa a kasuwa.

Da na warke hannun ya ƙi ɗaga garma. Na dawo Bodinga ina tuƙa keke mai ƙafa uku. Kullum sai na bi ta gaban rumfarsa. Har ɗago mini hannu yake yi.

Bayan tasha akwai mai fenti da ke zana wa direbobi zaki da dawisu a jikin mota. Na je na ce masa ni mutum nake so. Na ɗauko shi muka tsaya nesa da rumfar, ya ƙare wa dillalin kallo. Ya zana shi a bayan kekena: gemun, hular, leɓen a ture yana nuni, ga shanu ana korawa, ga mutum kwance. Ya tambayi abin da zai rubuta a ƙasa. Na ce kada ya rubuta komai. Kowa nake so ya gane, har irina.

Wata tsohuwa ce ta fara magana, tana sauke kayanta.

“Kai ɗan nan, wanga ba mai albasa ba ne?”

“Ni ban ce ba, Inna. Ke kinka ce.”

Kafin kasuwa ta zagayo zancen ya cika gari. Sai ga dillalin ya same ni a tasha, ya jawo wani dattijon unguwarsu.

Dattijon ya ce, “Ɗana, goge wanga abu. Mutum na da iyali.”

Na durƙusa na gaishe shi. “Baba, Allah shi ja da ranka. Wana ma ya bar iyali, su nake ciyarwa da keken ga.”

Dillalin ya ce, “Sharri kaka yi min!”

“Na sa sunanka? In ba kai ba ne, mi ad dame ka?”

Dattijon ya dubi zanen, ya dubi dillalin, ya kaɗe rigarsa ya tafi, bai jira shi ba.

Manoma suka daina kai masa albasa. A masallaci ana barin fili gefensa. Ya rufe rumfar, ya kwashe ya koma Shagari.

Rana ta cinye fentin, na mayar aka sabunta shi. Yanzu duk ranar kasuwar Shagari ina can, ko da fasinja ko babu. Ina ajiye keken bayansa na kallon sabuwar rumfar, in sayi fura in zauna a inuwa. Ya daina ɗago mini hannu.