Hannun Inna da Ɗiyar Fari

A shekarun da sojoji suka cika hanyar Yamai da shingaye ne ɓarin jikin Inna na dama ya shanye. Tana daka gero, taɓarya ta suɓuce mata, shi ke nan. Ni da kawuna muka ɗauke ta daga Filinge zuwa babban asibiti, a kowane shinge ina tsoron kada a tsai da mu ta cika a mota.

Da ta ɗan farfaɗo aka tura mu wurin wata likita, mutuniyar Sin, gajera, mai ƙarfin yatsu. Tausa take yi, amma ba irin ta ungozoma ba. Takan danna wuri guda da babban yatsa, ta murza, ta bi hannu daga kafaɗa har tafi. Da ta ji ina Faransanci, sai ta kama hannuna ta ɗora a kan na Inna. Ta ce in koya, don a gida za a ci gaba kullum. In aka bari, yatsun za su dunƙule, ba za su ƙara buɗewa ba.

Inna ta sa hannun hagu ta janye na daman. Likitar ta zaci zafi ne, ta rage ƙarfi. Ni kuwa na rasa yadda zan gaya mata, da Faransancin kwaleji, cewa ni ɗiyar fari ce. A wajenmu uwa ba ta haɗa ido da ɗiyar fari, balle ta miƙa mata jiki. Kakata ce ta goye ni.

Da muka koma gida Inna ta ƙi in taɓa ta. In na shiga ɗaki sai ta juya fuskarta ga bango. Na koya wa gwaggona, amma ita cuɗa hannun take kamar fura, tana cewa ai duk matsa ce. Wanzami ya zo ya kafa ƙaho. Ni sai kai da komo tsakanin ɗaki da zaure, in leƙa, in ga yatsun sun ƙara lanƙwasa. Ko tuwo ba na iya zama in ci.

Ranar da hannun ya ƙi buɗuwa aka kasa wanke mata tafi don alwala, na tsaya bakin ƙofa na yi magana da gwaggo, da ƙarfi yadda Inna za ta ji.

"Gwaggo, in ba a bar ni ba, hannun nan ya tahi ke nan."

Can Inna ta ce, da bakinta da ya karkace, "Ki ruhe min huska. Waccan ta shigo."

Gwaggo ta yafa mata mayafi. Na durƙusa, na fara daga kafaɗa. Fatarta sanyi, kuma ta fi yadda nake tsammani laushi.

Haka muke yi har yau, ita a lulluɓe, ni ina dannawa. Yatsu uku sun saki, tana riƙe ludayi. Biyun ƙarshe suna nan a dunƙule. Kowace safiya nakan ja su a hankali, su koma.