Jiran Amsar Kamfani

Shekarata ta biyar ke nan ina aiki a wani asibitin mishan a ƙasar Madawa lokacin da ordinater ta shigo ofishinmu, wato abin da yau kowa ke kira kwamfuta. Tsakiyar shekarun casa'in ne. Ni ba likita ba ne, ko ɗaurin ciwo ban iya ba. Aikina rubuta katin marasa lafiya, sai kuma zane, domin tun ina lakwal, wato makarantar boko, a garinmu Galma an san ni da shi, kuma duk wani hoto da ke manne a bangon ɗakin awon ciki hannuna ne.

Wata Baturiya ce ta zo da na'urar daga ƙasarsu, sabuwa dal cikin kwali. Ita ke kula da koyar da ungozomomin ƙauye, kuma kowa Madam yake ce mata. Ta zaunar da ni ta nuna mini yadda ake zane da ɗan abin nan da suke kira ɓera, har hannuna ya faɗa. Daga nan ta ba ni aiki: hotuna goma sha biyu da za su nuna yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari idan zawo ya kama yaro. Matan da za a koya wa ba su yi boko ba, saboda haka dole hoton ya yi magana da kansa, a ga yatsu uku na ɗibar gishiri, a ga girman kwanon, a ga uwa na ba yaro kaɗan-kaɗan. An sa za a tara su daga ƙauyukan Tama da na Buza kafin ruwa ya sauka, domin da zarar ƙoramu sun kawo, mota ba ta ƙara shiga can sai kaka.

Wata uku na yi a kan hotunan. Ina kan na goma sha ɗaya aka aiko wa Madam cewa mahaifiyarta ba lafiya, ta tattara ta tafi gida. Ta bar ni a hannun ekonom ɗin asibiti, wato mai kula da kuɗi da kaya, wani dattijo a ikilisiyarmu wanda ya san mahaifina tun suna samari, kuma shi ya kawo ni aikin. Baba nake ce masa. Mutum ne mai tsare kayan mutane fiye da nasa, kuma ba ya son a ce wani abu ya lalace a lokacinsa.

Mako biyu da tafiyarta, wata safiya na kunna na'urar, sai na ga fuskar uwar da na zana ta koma kore. Na murza idona. Sai wasu layuka suka tsaga gilashin daga sama har ƙasa kamar an ja kara a kan rairayi, hoton ya rabu biyu, rabi ya hau kan rabi. Na kashe na sake kunnawa, ta dawo daidai, har na yi ajiyar zuciya. Ba a yi minti goma ba ta sake, wannan karon gilashin ya yi baƙi ƙirin, ga na'urar tana ta gurnaninta kamar ba abin da ya faru.

Na tashi na kira Baba. Ya zo ya tsaya a bayana, ya dubi baƙin gilashin, sannan ya dube ni.

"Mi kay yi mata?"

Na ce ban yi mata komai ba, kunnawa kawai na yi. Ya ce ƙarfe ba ya mutuwa haka kawai, balle sabo. Ya sa na rufe ta da zanenta, ya kulle ofishin, ya jefa makullin a aljihu. Aka mai da ni teburin rubuta kati a bakin ƙofar shiga.

Allah ya taimake ni, bayan kwana tara wani mai gyaran rediyon asibiti ya biyo daga Yamai zai wuce Maraɗi. Na roƙi Baba ya bari ya duba. Mutumin ya kwance murfin, ya gwada da wani gilashi da ke cikin motarsa, abin bai canza ba. Sai ya zaro wani faifai kore mai faɗin tafin hannu, ya ce wannan shi ne katin hoto, shi ke kai zane zuwa gilashi, kuma shi ne ya mutu. Hotunana suna nan a ciki lafiya, ganinsu ne ba za a yi ba. Ya ce irinsa babu a Yamai, amma ya nuna mana wata takarda a cikin kwalin da ke cewa katin yana da garanti, ga kuma lambar faks ta kamfanin da ya ƙera shi a Turai. Ya ce mu rubuta musu, haƙƙinmu ne su canza.

A ranar na rubuta wasiƙar da Faransanci, na sa lambar katin da ranar da aka saya da duk abin da na gani. Baba ya karanta ya sa hannu. Washegari na hau mobilet, ɗan ƙaramin babur ɗina, zuwa posta a Madawa, inda faks ɗaya tak take a lokacin. Ina tsaye na ga takardar ta shige ta fito, ma'aikacin ya ce ta isa. Na komo ina lissafin cewa cikin mako guda za a ji daga gare su.

Na koma ranar Litinin, babu. Na koma ranar Alhamis, babu. Har ma'aikacin postan ya gane ƙarar mobilet ɗina, tun kafin in kafe ta sai ya leƙo ta taga ya kaɗa mini hannu alamar ba komai. Sai a mako na uku ya miƙo mini wata siririyar takarda mai santsi. Layi huɗu ne. Sun gode da na zaɓi kayansu, ƙorafina ya samu lamba, kuma don su ci gaba in aiko musu da lambar katin. Lambar da ke layi na biyu na wasiƙata. Na tsaya a nan bisa kantar postan na sake rubuta ta da manyan baƙaƙe, na mayar.

Amsa ta biyu ta ɗauki kusan wata, kuma ita ce ta ja mini. Tambayoyi ne: wane irin kuran, wato wutar lantarki, muke amfani da shi, ɗakin yana da sanyi, wa ke taɓa na'urar, kuma ko wani wanda ba wakilinsu ba ya taɓa buɗe ta. A ƙasa suka ƙara cewa yawancin irin wannan matsala daga rashin iya aiki da na'ura take zuwa, kuma garanti ba ya ɗaukar wannan. Na yi tunanin ɓoye takardar, har na naɗe ta na sa a hula. Amma na kai wa Baba. Ya sa tabarau ya karanta a hankali, ya ɗora yatsa a kan layin ƙarshe.

"To ga shi, su da sunka ƙera ta sun hwaɗi."

Na ce ba su faɗi ni ba ne, ba su ma ga katin ba. Ya ce shi dai ya san abin da idonsa ya karanta, kuma idan Madam ta dawo ni zan yi mata bayani da bakina.

Asibitin mishan ƙaramin gari ne. Waɗanda kake aiki da su ranar Asabar su za ka zauna da su a benci ɗaya ranar Lahadi. Kafin mako ya zagayo kowa ya ji cewa na ƙona na'urar Madam, kuma Turawa sun tabbatar a rubuce. Ba wanda ya faɗa mini a fuska, sai dai hira ta riƙa mutuwa idan na shigo. Matata ta dawo daga zumuntar mata wata rana ta ce wata ta tambaye ta ko gaskiya ne za a sallame ni. Na ce ban sani ba, kuma da gaske ban sani ba.

Na amsa tambayoyinsu ɗaya bayan ɗaya. Na faɗi gaskiya cewa mai gyara ya buɗe, amma bayan ta mutu ne. Da shiru ya yi yawa, sai na nemi izini na buga musu waya daga posta. Wata mata ta ɗauka, ta ce in dakata, aka sa mini kiɗa a kunne. Wani namiji ya karɓa ya tambayi lambar ƙorafi, na karanta masa, ya tambaye ni wace ƙasa ce wannan, na faɗa, ya ce in maimaita. Ya ce wanda ke riƙe da takardata yana hutu, zai haɗa ni da wani. Kiɗan ya dawo, sannan layin ya yanke. Na fito waje na ga gabas ta yi duhu, iska na kaɗa ledoji a bakin tasha. Mobilet ba ta tashi ba sai a bugu na huɗu.

Faks ta uku ta ce mu aika musu da katin su duba, kuma binciken zai ɗauki lokacin da ya kamata. Muka naɗe shi a auduga muka ba wani fasto mai tafiya Yamai ya sa a jirgi. Daga nan ba mu ƙara jin ɗuriyarsu ba.

Saura kwana takwas taron matan, wata tsohuwar ungozoma daga wani ƙauye bayan Tama ta kawo mai naƙuda asibiti. Musulma ce, ta san ni domin na taɓa raka Madam garinsu, har ta gyara mini yadda ake riƙe yaro a wani zane. Ta same ni a teburin kati ta ce ina hotunan da aka yi musu alkawari, ga damina ta ƙwanƙwasa ƙofa, kuma bara yara da dama zawo ya ɗauke a wajensu. Na fara yi mata bayanin kati da kamfani da faks. Ta saurare ni har na gama.

"Ɗana, ni ban gane wanga zance ba," in ji ta. "Ƙarhen ne ya mutu, ko hannunka?"

Na ce ƙarfen ne, Inna. Ta ce to, ta ɗauki ƙwaryarta ta koma wajen mai naƙuda.

Kunya ta kama ni, domin wata biyu da rabi na yi ina kallon hanyar posta, hankalina duk yana kan wanke sunana, ban ko tuna da fensir ba. Na je wajen Baba na ce ba ofis nake roƙo ba, takardun sitansil nake so, waɗanda ake zane a kansu da alƙalamin ƙarfe a buga da yawa, da tsohon injin gurza su da ke sito. Ya buɗe sito ya ƙirgo mini takardun da kansa. A barandar ɗakin magani na zauna ina zane daga ka, tsakanin mara lafiya da mara lafiya. Sitansil ba ya yafe kuskure, idan alƙalamin ya huda shi ke nan. Na ɓata uku. Takwas kawai na iya gamawa cikin goma sha biyun, baƙi da fari, ba launi, fuskokin duk sun yi kama da juna. Amma yatsu ukun sun fito, kwanon ma ya fito.

An yi taron, wata ma'aikaciyar ɗakin haihuwa ta tsaya a madadin Madam. Matan Tama sun zo. Na ƙauyuka biyu na wajen Buza ba su samu zuwa ba, domin ruwan farko ya sauka can kwana biyu kafin nan, ƙorama ta hana mota. Nasu takardun suka zauna a kwali har kaka. Ban san abin da ya faru a garuruwan nan a daminar ba, kuma ban taɓa samun ƙarfin tambaya ba.

Madam ta dawo ana yankan hatsi. Ta saurari Baba, ta saurare ni, ta ce a jira. Ba ta zarge ni ba, amma ba ta ce a buɗe mini ofis ba. Bayan mako uku da dawowarta ƙunshi ya iso ta hannun wani direba. Sabon kati ne a ciki, da takarda bugaggiya wadda ba sunan kowa a kanta, irin wadda ake aika wa mutane da yawa. Ta ce an gano cewa wani rukuni na katunan ya fito da aibi tun daga masana'anta, wani ɗan ƙarfe a jiki yana zafi ya saki, kuma suna baƙin cikin duk wata damuwa da hakan ya jawo. Kwanan watan da ke samanta ya riga faks ɗinsu ta biyu. Na nuna wa Madam wannan da yatsa, ta cije leɓe. Na rubuta musu faks ta ƙarshe ina tambayar dalilin da ya sa suka ɗora mini laifi alhali sun sani. Wannan ba su amsa ta ba.

Baba ya sa na karanta masa takardar sau biyu, na biyun da Hausa. Washegari bayan addu'ar safe ta ma'aikata ya miƙe ya ce na'urar da aibinta ta zo, ba hannun kowa a ciki, duk wanda ya ji wani zance daban ya ajiye shi. Bai ambaci sunana ba, bai kuma dubi inda nake ba.

Ranar Asabar da la'asar sai ga shi a ƙofar gidanmu da buhun albasa rabi a bayan kekensa, daga garkarsa. Bai taɓa zuwa gidana ba tun ranar sunan ɗiyarmu ta fari. Matata ta shimfiɗa masa tabarma ta kawo fura. Ya yi zancen tsutsar da ta shiga wake a banan, ya ba ni labarin yadda shi da mahaifina suka taɓa ɓata a dajin Keita suna neman jakin wani, har suka kwana biyu suna cin magarya. Ya sha furar ya yaba, ya ce ta yi tsami daidai. Da ya tashi tafiya na riƙe masa keken har bakin hanya, ya ce in gai da mutanen Galma idan na je.