Miami ta Abhur

Jama'a, yau na je Miami ba tare da na hau jirgi ba!

Kun san Yaya Bashir direba ne. Kwana goma ke nan yana cewa kafilinsa, wato maigidan da yake wa aiki, ya tafi da shi hutu Miami ta Amurka. Kullum hotuna: bakin teku, jiragen ruwa. Umma ta nuna wa duk maƙwabta a unguwarmu ta Mahjar.

Ɗazu a wurin aiki aka ba ni odar abinci in kai wani gida a unguwar Abhur, can bakin tekun garin nan. Na danna ƙararrawa. Wa zai buɗe? Yaya Bashir, da tiyo a hannu!

Na ce, "Yaya, nan ce Miami?"

Ya ce, "Yi shiru! Yalla, shigo!"

Ashe biza bai samu ba, kafili ya bar shi gadi. Kunyar Umma ta hana shi komawa gida, don har walimar tafiyarsa ta yi.

Sai ga kiran bidiyo. Umma! Ya ɗaga kafin in kauce.

Ta ce, "Bashir, wane ne a bayanka?"

Ya ce, "Wani Ba'amurke ne, Umma."

Ta ce, "Masha Allah. Ce wa Ba'amurken ya taho min da burodi in zai dawo."